Harshenmu Gadonmu: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ƙulla Kalma

A wannan wata za mu duba kalmomin nan da Bahaushe ke ɗaure biyu ko uku su zama suna ɗaya, irin su jirgin sama, dafa-duka, hana-salla da a-kori-kura. Malaman nahawu na kiran su harɗaɗɗun kalmomi. Larabcin da muke zaune cikinsa ma yana da nasa, domin duk wanda ya taɓa ban ruwa a hawasha ya san Abu Ishirin da Abu Sitta, magudanan da ke kai ruwa gonakin Jazira. To, abin tambaya shi ne: in mutum zai furta irin wannan kalma, a dunƙule ƙwaƙwalwa ke ɗauko ta, ko kuwa nan take take ƙulla ta?

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Levelt, ya bayyana a littafinsa na 1989 cewa magana hawa-hawa ce. Da farko ma'ana ce ke zuwa, sai a zaɓo kalmar da ta dace, sai a jera sautukanta gaɓa-gaɓa, sannan a umarci harshe da leɓɓa. Awo ya nuna daga ganin hoto zuwa fara faɗin sunansa kimanin kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa ne kacal.

A 2005 Levelt da abokan aikinsa biyu sun gwada masu jin harshen Holan, suka ga in ɓangarorin kalma sanannu ne a baki, ta fi saurin fitowa. A 2008 kuma wasu masana suka gwada Sinanci da Turanci, suka ga sabo da kalmar gaba ɗayanta ne ke kawo sauri. Wannan jayayya ta sa da yawa ke ganin ƙwaƙwalwa na riƙe da duka biyun. Likitoci ma sun lura wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa maganarsa yakan kawo rabin kalmar ya rasa rabi, alamar ya san gida biyu gare ta.

Hausarmu na da tata shaidar. Muna cewa jiragen sama, wato mun buɗe kalmar mun sauya cikinta, ashe ɓangarorin na nan a raye. Amma ku saurari bakinku. A "ta dafa duka", murya kan tashi a "da" ta sauka a "fa". A sunan abincin nan kuwa, dafa-duka, gaɓoɓin biyu duk a ƙasa suke. Ke nan tun kafin baki ya buɗe, ƙwaƙwalwa ta riga ta san suna guda za ta faɗa, ta shirya masa karin sautinsa.

Ga inda zancen ya shafe mu. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da kakanni suka biyo Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, Hausa ke zaman maƙwabtaka da Larabci. Yaron da ya tashi a Mai Wurno, Sinnar ko Wad Madani, in ya san jirgi ya san sama, zai iya lalubo jirgin sama, ko da yake "ɗayyara" kan riga ta zuwa bakinsa. Amma fasa-ƙwauri, barkonon tsohuwa da ka-fi-zabo fa? Waɗannan ba a gane su daga ɓangarorinsu, sai an ji an saba. Ba ƙyuya ce ke damun yaron ba, kalmar da kunne ya fi ji ita ke cin tsere.

Saboda haka iyaye, maimakon faɗa, a yawaita faɗin su a gida, a wajen tuwo da wajen tatsuniya, a kuma gaya wa yara abin da ya sa aka kira hula hana-salla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.