Malka Da Karayar Kwatangwalo

Likitocin ƙasashen Turai sun daɗe da lura cewa tsofaffi sun fi karyewa a kwatangwalo, watau inda ƙashin cinya ya shiga ƙugu, sa'ad da ƙanƙara ta daskare bisa hanya. Mu nan abin da ke kā da tsofaffinmu malkar Agusta ce. A Wurma ta ƙasar Kurfi, da ƙauyukan wajen Dutsin-Ma, in ruwa ya goce, tsakar gida da makewayi da bakin rijiya duk sai su yi santsi. Wanda kuwa tsufa ya ci ƙashinsa, zamewa guda ta ishe shi.

Alamar karayar ba ta ɓuya: mutum ya kasa tashi, ƙafar ta gajarta, ta juya waje. Wannan ƙashi yana can cikin tsoka, karan ɗori ba ya riƙe shi. Doguwar kwanciya kuma ita ke jawo ciwon huhu da gyambon baya. Ko a Ingila, inda ƙa'ida ita ce a yi aiki ran da aka kwantar da mutum ko kashegari, fiye da 1 cikin 5 ba sa cika shekara.

Ga shi ruwan da ya kā da tsoho shi ne ke ɓata hanyar mota. Saboda haka malamai da ma'aikata su gargaɗi jama'a, tun da bazara a gyara magudana, a zuba burji inda ake takawa. In tsautsayi ya auku, kada a kwana ana shawara. A nufi asibitin Dutsin-Ma, daga can a wuce Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Allah ya kiyaye.