Shaidar Malamin Aji A Ƙasan Takardar Sakamako

A duk ƙarshen zangon karatu, makarantun firamare na Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Hayin Banki da Unguwar Rimi sukan sallami yara kowa riƙe da takardar sakamako, wadda aka fi sani da rifot kad. Iyaye wuri ɗaya suke dubawa, wato na nawa yaro ya zo. In ya zo sama a sa masa albarka, in ya zo can ƙasa a nemo dorina. To amma a ƙasan takardar nan akwai wani ɗan fili, layi biyu ko uku, inda aka ce malamin aji ya rubuta abin da ya gani na halin yaron da yadda yake riƙon aikinsa. Babu wurin da aka wulaƙanta a takardar kamar wannan, alhali kuwa nan ne kaɗai mutum ke ba da shaida a kan mutum. Sauran duk lissafi ne.

Maganar ta shafi 'yan uwa matasa kai tsaye, domin alƙalamin yana hannun da yawa daga cikinsu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa kai maki 75 cikin ɗari, ta sallame su, ta kuma shelanta ɗaukar sababbi 25,000. Matasa da dama ta wannan ƙofa suka shiga aji. Wasu kuma suna koyarwa a makarantun kuɗi da Islamiyyun da suka cika lungunan gari. Waccan jarrabawa ta auna abin da malami ya sani na darasi, amma abin da zai rubuta a kan ɗan mutane an bar shi da Allah da alƙalaminsa.

Shi wannan fili ba don ado aka sa shi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta fito a 1977 aka sake mata fasali a 1981, ita ce ta kawo tsarin auna yaro a kai a kai maimakon a jira jarrabawar ƙarshe kawai, kuma aka ce a duba fuska uku: abin da ya sani, da halayyarsa, da abin da ya iya yi da hannunsa. Daga nan aka samo gidajen nan da ke jere a gefen takarda, na zuwa a kan lokaci da tsafta da ladabi da gaskiya da mai da hankali da zama da abokai, waɗanda a takardu da yawa ake ba su maki daga 1 zuwa 5.

Abin da ke faruwa a zahiri kuwa sananne ne. Ana gobe hutu malami zai zauna da tulin takardu, ya bi gidajen nan yana dangwala 4, 4, 4 tun daga yaron farko har na ƙarshe, sannan ya rubuta wa kowa kalmar Turanci ɗaya ko biyu mai ma'anar "ya yi ƙoƙari" ko "a ƙara ƙoƙari". Wani ma aboki yake kira ya taya shi, wanda ko fuskar yaran bai taɓa gani ba. Adalci ne a faɗi uzurin malami. A takarda an ce malami ɗaya ga yara 35, amma ajin da ya ninka wannan sau biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na Kaduna, musamman bayan da aka fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016 yara suka yi ta tururuwa. Sai dai yawan yara uzuri ne na a rubuta kaɗan. Bai taɓa zama uzurin a rubuta abin da ba a gani ba.

Shaidar zur a wannan fili iri biyu ce. Ta farko ta daɗin baki, kuma ta fi yawa a makarantun kuɗi, inda mai makaranta ke tsoron kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa kuɗin zango ya tafi. Sai a rubuta wa yaron da ke dukan na ƙasa da shi, ko wanda bai taɓa kawo aikin gida ba, cewa yaron kirki ne mai himma. Uban ya biya kuɗi an sayar masa da ƙarya, ba zai farga ba sai yaro ya kai sakandare abin ya fi ƙarfin gyara.

Ta biyu ta fi ciwo, ita ce ta zagi: malalaci, daƙiƙi, mai taurin kai, ba ya ji. Malamin da ya rubuta haka yana ganin gaskiya ya faɗa, har yana jin kansa marar tsoro. To amma me ya gani da idonsa? A ɗauki misalin yaron da ke makara kullum. Abin da malami ya gani shi ne makara. Lalaci kuwa hukunci ne ya yanke daga kansa ba tare da bincike ba. Wataƙila yaron nan tun asuba ya tashi, ya je makarantar allo, ya ɗebo ruwa, ya kai niƙa, ko ya zaga da tallan koko kafin ya sa yunifom, wato ya riga malamin nasa tashi da awa biyu. A kira wannan malalaci, uba ya karanta ya hau shi da duka, wa ya ɗauki alhakin? Wani uban ma ba duka zai yi ba, cewa zai yi tunda malaminsa ya ce ba ya ja, gara ya bar bokon ya tafi gareji. Layi ɗaya ya rufe wa yaro ɗan shekara tara ƙofar karatu.

Haka yaron da ba ya kwafar abin da ke kan allo, ko wanda sai an kira shi sau uku yake waiwayowa. Kafin a ce ba ya mai da hankali, a dawo da shi bencin gaba na mako guda a gani. Sau da yawa ido ne ko kunne. Abin takaici, a garin nan na Kaduna Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa take, a nan kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa take, mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, amma yaron da ke kusa da su sai ya gama firamare da sunan daƙiƙi don babu wanda ya rubuta wa ubansa cewa a kai shi a duba idonsa.

Rubutun da ya dace ba shi da wuya. Malami ya faɗi abin da ya gani, da adadi in zai yiwu, ya haɗa da abin da yaron ya iya, sannan ya faɗi abu ɗaya da ake so gida su yi. Maimakon "malalaci" sai a ce: "Ya makara sau 14 a wannan zango. In ya iso yana gama aikinsa, kuma rubutunsa na da tsafta. Ana roƙon mahaifinsa ya zo a tattauna a kan safiyarsa." Maimakon "fitinanne" a ce: "Yana da saurin fahimta, yakan riga kowa gamawa, sannan ya dami na kusa da shi. Za a riƙa ƙara masa aiki." Babu yabon ƙarya a ciki, babu ɓoye laifi, kuma uba ya san inda zai kama.

Ta ina mai yara 75 zai san wannan duka? Da ɗan littafin aljihu. Kullum ya zaɓi yara uku ya lura da su, ya rubuta layi ɗaya a kan kowanne kafin ya bar makaranta. Ko da kwana 50 kacal aka yi ana karatu, ya sami layi 150, wato kowane yaro sau biyu. Rajistar aji kuma ta riga ta riƙe masa lissafin fashi. Yaron da duk da haka bai san komai a kansa ba, galibi mai shiru-shirun nan na bencin baya, gara ya rubuta ɗan abin da ya tabbatar kawai da ya ƙirƙira masa hali.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa ko da gaskiya ne. Takardar nan hannu da yawa take bi, kishiyar uwa za ta gani, maƙwabta za su gani, in aka canza wa yaro makaranta ita za a fara tambaya. Saboda haka zargin sata, ko fitsarin wando, ko rashin biyan kuɗi, ko abin da yaro ya faɗa na rikicin gidansu, magana ce ta baki da baki tsakanin malami da uba. Kada kuma a gwada shi da yayansa da ya wuce ta ajin.

Sai batun harshe. Uban da ke neman abincinsa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a Panteka, wanda yake karanta Hausar boko ko ajami sarai, a miƙa masa shaida da Turanci, dole ya kira yaron ya fassara masa. Wanda ake ba da shaida a kansa shi ne tafinta! Ko da tsarin makaranta ya tilasta Turanci, babu abin da zai hana malami ƙara layi ɗaya na Hausa a ƙasa, ko ya maƙala 'yar takarda.

Ɗan uwan da ba malami ba shi ma yana da rabo a nan, domin a gidaje da yawa babban yaya ne ake aika karɓo sakamakon ƙanne. In ya ga an rubuta kalmar zagi, ko yabon da bai yi kama da yaron da ya sani a gida ba, kada ya ɗaga hannu a kan yaron, kada kuma ya je makaranta da faɗa. Ya sami malamin ajin, ya yi masa sallama, ya tambaye shi cikin ladabi: Malam, me aka gani ya yi, kuma sau nawa?