Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Ga babban hutun makarantu ya raba tsakiya, saura 'yan makonni a buga ƙararrawa yara su koma. Saboda haka na ga ya kamata maganarmu ta wannan mako ta tsaya a kan shirin da ke wuyan magidanta. Na san akwai wanda zai ce, "Wane shiri kuma? In ranar ta zo ba sai a ce wa yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi ba?" To, mai faɗin haka shi nake nema da zance, ina roƙo ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe.

Mu fara da duban lokacin da shekarar karatu ke kamawa. A Nijeriya cikin watan Satumba ake buɗe makarantu, 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa galibi sai farkon Oktoba. Watau ana fita marka ke nan. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san yadda gida ke kasancewa a wannan lokaci. Hatsin bara ya kai gindin rumbu, in ma bai ƙare ba. 'Yan kuɗin da ke hannu sun tafi wajen taki da 'yan ƙodago. Gero ya nuna ana cin tumu, amma dawa sai can wajen Nuwamba. A daidai wannan ƙunci ne yara uku ko huɗu za su tsaya gaban uba, wannan ya ce wandonsa ya ɗage, wannan ta ce takalminta ya tsinke, wancan ya miƙo takardar littattafan da malam ya rubuto. Uban da bai shirya ba hanya biyu gare shi: ko ya ci bashi, ko ya sussuke sabon gero ya kai kasuwa. Alhali kuwa kowa ya sani a yawancin shekaru babu lokacin da hatsi ke araha kamar kaka, sa'ad da kowa ke kawo nasa. Sai ya sayar da buhu a wulakance don ya ɗinka riguna, in bazara ta yi kuma ya koma kasuwar nan ya sayi irin buhun nan da tsada don ya ci da iyali. Wanda ya saya ya ajiye shi ya ci ribar gaggawarsa.

Maganin wannan ba baƙon abu ba ne, iyayenmu mata sun san shi tun kafin a kawo boko. Mai adashe ta roƙi uwar adashe a sa kwasarta ta faɗo cikin Agusta. Mai hali ya sayi ɗan akuya bayan kaka ya turke, ya zama an san wannan na makaranta ne, ba na biki ba ne, ba na suna ba. Mu kuwa masu albashi, da mu ne aka fi jin kuka, ba mu da hanzari ko kaɗan, domin mun san ranar buɗe makaranta tun ranar da aka rufe ta. In mutum ya ware kaɗan kaɗan daga albashin wata huɗu, ya jefa a asusu ya manta, nauyin da zai karya albashin wata guda sai ya ɗauku ba nishi.

Wani zai ce ai karatu kyauta ne. I, haka doka ta ce. Tun 1976 aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka sake ɗaura wani shirin a Sakkwato cikin 1999, kana a 2004 aka kafa dokar da ta ce shekara tara na farko, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma tilas ne. Har dokar ta tanadi horo ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Dubi yadda zamani ke juyawa! A zamanin En'e sau da yawa sai an sa dogari ya kamo yaro, uwa na kuka kamar an yi mata mutuwa, yau kuwa ga iyaye na layi a ƙofar ofishin hedimasta suna neman gurbi. Amma kyautar nan ba ta ɗinka riga, ba ta sayen takalmi, kuma a aikace littattafan rubutu da fensir da biro daga aljihun uba suke fita. Saboda haka a je wurin hedimasta tun da wuri a tambayi abin da ake bukata. In an ce akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, a ji ko nawa ne, a biya, a karɓi rasit a adana.

Kada kuma a yi gaggawar sayen littattafan karatu kafin a ji daga bakin malamin aji. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, saboda haka littafin da wa ya bari ba lalle ne ya yi wa ƙane amfani ba, wanda ke jibge a teburin mai sayarwa ma haka. Tufafi ne ya kamata a yi wa sauri. A yanko yadi yanzu a kai wa tela tun yana hamma a shago, don makon buɗe makaranta tela ya zama tela na jajiberin salla, alkawarinsa sai a hankali. A ce masa ya sake ɗinkin, ya bar lanƙwasa mai faɗi a ƙafar wando. Yaro ɗan shekara takwas ba ya jiran riga.

Yanzu bari in taɓa abin da ya shafi sana'armu ta akawu, watau takardu. Yaron da za a sa aji ɗaya, ɗan shekara shida, a nemar masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa in ba shi da ita. Ranar da za a rubuta shi kuwa uba ya tafi da kansa, kada ya aiki yayan yaro ko almajirin gida, ya tsaya ya ga yadda aka rubuta suna harafi harafi, da ranar haihuwa. Abin kamar wasa ne. A gida ana ce da shi Mamman, malamin aji ɗaya ya rubuta Muhammadu, a sakandare wani ya mai da shi Mohammed, sunan uba kuma wani wuri Garba wani wuri Abubakar. Duka mutum ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin na'ura mutum uku ne. Tun daga 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma in abin da ke jikin lambar ya saɓa da na takardun makaranta, sai a shiga zaryar kotu da ofisoshi ana neman takardar rantsuwa, ana kashe kuɗi, lokacin rajista yana wucewa. Kuskuren minti ɗaya a aji ɗaya sai ya tashi bayan shekara goma sha biyu. A zaɓi suna guda da rubutu guda, a sami jakar leda mai kauri a zuba takardun kowane yaro dabam, a sa a akwatin da gara ba ta shiga.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da zan faɗa yanzu, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Cikin hutu yaro ba zaman banza yake yi ba. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai awaki kiwo, shi ke kai abinci gona, shi ke tsaron shago in uba ya fita. Yarinya kuwa ita ke raino, ita ke kai niƙa, ita ke ɗaukar tallan ƙosai ko na fura wanda da cinikinsa uwa ke cefane, har ta tara na kayan ɗaki. Wata ɗaya da rabi gida ya saba da waɗannan hannuwa. Ranar da aka buɗe makaranta aikin bai ragu ba, hasali ma ƙaruwa ya yi, don ga girbin gero, ga cirar gyaɗa, ga roron wake na tafe. In maigida da uwargida ba su zauna sun yanke wanda zai ɗauki kowane aiki daga safe zuwa azahar ba, to, labudda yaron nan zai ɗauka, ko da an ɗinka masa riga an saya masa jaka. Ba wanda zai ce ya cire shi daga makaranta. Sai dai a ce, "Yau dai ka taimaka, gobe ka tafi."

Mu yi lissafi irin namu. Zangon karatu guda kamar mako 13 ne, kowane mako kwana 5, ya zama kwana 65. A ce yaro bai koma ba sai bayan mako biyu saboda girbi, ya rasa kwana 10. A sauran mako 11 kuma kowace ranar kasuwa ana tura shi, ya rasa kwana 11. Jimla kwana 21, watau kusan sulusin zangon. Wane akawu ne zai yi fashin kwana ɗaya cikin kowane uku ya ga albashinsa cikakke? Ga shi kuwa zangon farko shi ne gindin shekara. A cikinsa ɗan aji ɗaya ke koyon baƙaƙe da wasula, a cikinsa na gaba da shi ke shiga sabon lissafi. Wanda aka bari a baya a Oktoba yana zaune cikin aji yana kallon allo kamar baƙo, in ya gaji da shan dariya ya fara laɓewa a kangon bayan gari. Sa'an nan uba ya ce yaron ba shi da kai.

Ban ce talaka ya bar gero ya zube a gona ba, ban kuwa ce uwa ta rufe sana'arta ba. Abin da nake cewa a zauna a tsara. Ruwa a ɗebo shi da yamma a cika randa. Girbi mai bukatar hannu da yawa a ajiye shi Asabar da Lahadi, ko a yi gayya da maƙwabta. Talla a mai da shi bayan an tashi makaranta, ko uwa ta yi shawara da wata dattijuwa mai zama bakin hanya ta sayar mata a ba ta la'ada. Raino kuwa ga kakanni. A gidan da ke da mata biyu ko uku wajibi ne maigida ya tara su ya yi maganar nan a fili, don kada 'ya'yan ɗaki guda su tafi makaranta, na ɗaya ɗakin su zama 'yan aike. Wannan ƙaramin abu yana haifar da gabar da ke kai wa jikoki.

Ku ma 'yan'uwana malaman makaranta kuna da rabonku cikin wannan zance. Iyaye da yawa hujjarsu ita ce ai makon farko ba a karatu, shara ce da cirar ciyawa. Malami kuwa ya ce yaya zai fara darasi aji rabi? Kowa na jiran kowa, mako biyu ya tafi a banza. In malami ya shiga aji ran Litinin ta fari ya kama koyarwa ko da yara goma ne, ya kira suna, labari zai kai gida kafin la'asar.

Akwai kuma daidaita lokaci tsakanin makarantar boko da ta allo ko Islamiyya, tun da yawancin yaranmu biyu suke haɗawa. Uba ya je ya gai da malam tun kafin ranar, ya shaida masa lokacin da yaro ke tasowa, a yi masa gurbi da yamma ko da dare. A bar wa yaro ɗan fili tsakani ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Saura mako guda a buɗe kuma a fara kora su shimfiɗa da wuri, a karɓe waya daga hannun manyan, don idon da ya saba hira har tsakar dare ba ya buɗewa da asuba don an daka masa tsawa. Kada a sallame su da safe ciki wayam, ko ɗumamen tuwo ne ko koko a ba su. Mutanen birni kuma su lissafa kuɗin a-daidaita-sahu na wata guda, zuwa da dawowa, kafin su zaɓi makaranta mai nisa saboda suna, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin hawa ya zama babban abu a kasafin gida. Makarantar da yaro zai taka da ƙafa kullum ta fi wadda za a riƙa fashinta ƙarshen wata.

Saura lafiya. Ƙarshen damina shi ne ganiyar sauro da zazzaɓin cizonsa, kuma zazzaɓi guda ya isa ya kwantar da yaro mako. A fito da gidan sauro a duba, inda ya yage a ɗinke, a tabbata yara a ciki suke kwana, ba an yi shingen lambu da shi ba. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jini kafin a ba shi magani. Sa'an nan ga wani gwaji da ba ya cin ko kwabo: a rubuta baƙaƙe da gawayi a jikin bango, a tsai da yaro kamar taku goma, a rufe masa ido ɗaya ya karanta, a sake rufe ɗayan. In aka ga yana ƙanƙance ido ko yana matsowa, a kai shi wurin likitan ido, kafin nan kuma a roƙi malaminsa ya zaunar da shi layin gaba.

Maganar 'yan makarantar kwana, da abin da ya kamata a zuba musu a akwati da wanda bai kamata ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.