Mai Tsaron Ƙofar Gidan Kallo Ma Ma'aikaci Ne

'Yan'uwa na Salaga, Yendi da Bawku, ku dubi yaran da ke yanka tikiti, su tayar da janareta, su share benci a gidajen kallon fim da ƙwallo. Suna aiki har tsakar dare, amma ladansu sai abin da maigida ya ga dama.

Doka ba ta manta da su ba. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ƙayyade aiki awa 8 a rana, awa 40 a mako, kuma ko ɗan aikin wucin gadi yana da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci. A shekarar 2024, mafi ƙarancin lada ya kasance sidi 18 da fesuwa 15 a rana.

Wane jami'in ƙwadago ya taɓa leƙa gidan kallo a unguwarku? Kuma me sidi 18 zai saya, bayan hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022? Ku da ke canji da sefa a bakin iyaka kun fi kowa sani.

Muna neman rubutacciyar yarjejeniya, rajistar SSNIT da masu sa ido a kowace gunduma. Ranar zaɓe, ku tuna da yaran nan a gaban akwati.