Kallon Tsuntsaye Ba Zaman Banza Ba Ne

A hutun da ya wuce na tambayi kakana ko me ya sa ba na ganin gauraka a fadamarmu ta Kebbe. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsu garke-garke suke sauka a bakin Gulbin Zamfara. Ni kuwa shekaruna 16, amma ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Haka kuma ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, yanzu sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa nake roƙon hukumar makarantarmu ta riƙa fita da mu kallon tsuntsaye, ko da sau ɗaya ne a zango.

Na san wasu iyaye za su ce wannan aikin Turawa ne da cikinsu ya cika. To, amma manomi ai ya riga Bature. Da ya ga shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan kuka, ya san damina ta kusa, sai ya gyara gona. Shamuwa da balbela suna cinye fara. Ungulu tana share mushe kafin ya jawo cuta. Jan-baki kuwa, idan ya sauka a kan gero ko shinkafa, maigona sai ya kwana da baƙin ciki. Ashe sanin tsuntsaye sanin abincinmu ne.

Dubi Jos, garin da ya bunƙasa da haƙar kuza a zamanin mulkin mallaka. A shekarar 2001 an kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a dajin Amurum kusa da garin, inda 'yan Nijeriya ke samun digiri a wannan fanni. Me zai hana ɗan Kebbe ko Tambuwal ya zama ɗaya daga cikinsu?

Ba sai mun je nesa ba, balle a yi maganar kuɗin mota ko haɗarin hanya. Fadamar da ke kusa ta isa. Ranar Asabar bayan sallar asuba, malami ɗaya, littafi da fensir, sai mu rubuta abin da muka gani da yawansa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu ajiye danƙon harbi tun kafin shamuwa ma ta bi sawun gauraka. Allah ya ganar da mu, amin.