Sharhi: Ranar 15 ga Maris da Ba a Koya wa 'Ya'yanmu Ba

 

Yau 15 ga watan Maris. Bazara ta kankama, tun da hantsi rana take dukan ƙeya, kuma daga Tofa zuwa Lambu, daga Doka zuwa Yarimawa, abin da ke gaban manomi shi ne sharar gona da kai taki. Kowa na harkar gabansa. To amma ina roƙon mu ɗan dakata mu tambayi kanmu: cikin yaran da muka tura makaranta a wannan mako, mutum nawa aka gaya wa abin da ya faru a rana irin ta yau? Duk inda na yi tambayar nan shiru nake ji, kuma wannan shirun ne ya kawo ni.

Ranar Lahadi ce, 15 ga Maris 1903, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya fito da jama'arsa bayan ganuwar Sakkwato, wurin da muke kira Giginya. A gabansu ga rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland, sojojin da ba su kai dubu ba, amma suna ɗauke da igwa da bindigogin Maxim masu aman harsashi ba ƙaƙƙautawa. Mutanen Sarkin Musulmi kuwa takobi ne da mashi da kwari da baka, sai 'yan bindigogin da ba su taka kara sun karya ba. Kafin azahar komai ya ƙare. Waɗanda suka kewaye tuta suka ƙi gudu, suka tsaya a gindinta har aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa tun 1804, mai shekara 99 a duniya, ta faɗi a safiya guda.

Kada mai sauraro ya ce ai wannan labarin Sakkwatawa ne. Kafin a kai ga Sakkwato sai da aka bi ta kanmu. Ranar 3 ga Fabrairu aka ci birnin Kano, Sarki Alu yana ƙasar Sakkwato, Sarkin Shanu da aka bar wa gari ya mutu yana kare fada. A Kwatarkwashi Wazirin Kano Ahmadu ya gwabza har ya rasa ransa. Wambai Abbas ya juyo da sauran jama'a gida, Turawa suka naɗa shi sarki, shi kuma Alu aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926. Kafin Kano an ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, an shiga Bauchi da Zariya a 1902. Kowane gari ya fuskanci wutar shi kaɗai, maƙwabcinsa na jin labari. Mu nan Kano ma a lokacin ba mu gama warkewa daga Yaƙin Basasa ba, wanda 'yan gida ɗaya suka yi wa juna daga 1893 zuwa 1895. Sannan ga abin da ya fi ciwo: Turawan da ke cikin rundunar nan 'yan ƙalilan ne. Yawancin waɗanda suka danna kunamar bindiga a Giginya baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa suke magana, albashi ya kai su. Wannan darasi ne da ya kamata kowane yaro ɗan aji shida ya sani, ya kwana da shi ya tashi da shi. Wa ya koya masa? Babu.

Bayan faɗan Giginya, manyan Sakkwato suka rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare da hujjarsa ta ilimi. Waziri Buhari ya ga cewa in kowa ya tafi, talakawan da ba su da ƙafar tafiya za su zama marayu, don haka ya koma gari ya yi sulhu, ya kuma rubuta wa malamai takarda yana bayyana dalilinsa. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas. Duk inda ya ratsa, mutane na barin gida da gona suna bin sa, a daidai lokacin da ya kamata su shirya wa damina, har abin ya tayar wa Turawa hankali. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka tare shi, ranar 27 ga Yuli 1903 ya yi shahada tare da mutane fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu.

Yanzu bari in zo kan gonarka, kai manomin Tofa, domin ranar nan har can ta iske kakanka. Kwana shida bayan faɗan, ranar 21 ga Maris, Lugga, shugaban Turawan, ya tara manyan Sakkwato ya shaida musu cewa daga yau naɗa sarki da sauke shi, da sa haraji, da iko a kan ƙasa, duk sun koma hannun Turawa. Maganar ba ta tsaya a baki ba. 'Yan shekaru kaɗan aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi. A ƙasashen da ke kewaye da Kano aka turo malaman awo, suna bin gona gona suna ƙirga taku, daga wannan kuka zuwa waccan ɗorawa, suna rubutawa a littafi. Wuri ya daina aiki, haraji ya koma sai da kuɗin Bature. A ina talaka zai samo sule? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara na zagayowa kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai gyaɗa ta shiga cin wurin gero da dawa. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, da gumin mutanen karkara irin tamu aka tara ta, kuma tsoron ranar biyan haraji na cikin abin da ya sa aka noma ta. Tsofaffinmu sun san yadda magidanci ke kwana a daji in dogari ya shigo gari, sun san wanda aka shanya a rana, sun san wanda ya sayar da akuyar matarsa. Harajin nan bai bar wuyan talakan Kano ba sai a 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali. Daga 1903 zuwa 1979, igiya ɗaya ce.

A wasu ƙasashe ma ranar 15 ga Maris tana da nauyi, kuma masu ita ba su yar da ita ba. A ranar ce aka kashe Julius Caesar a Rum, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma har yau ana karanta labarin a makarantu, har da namu. A ranar ce, a 1917, sarkin Rasha na ƙarshe ya sauka daga gado. A ranar ce, a 2011, aka fara zanga-zangar da ta rikiɗe ta zama yaƙin Siriya. A ranar ce kuma, wata Juma'a a 2019, wani ɗan bindiga ya shiga masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ya kashe masallata 51, Allah Ya ji ƙansu. Shekara uku kacal bayan haka, a 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 15 ga Maris ta zama ranar yaƙi da ƙyamar Musulunci. Shekara uku, jama'a. Mu kuwa tamu ta haura shekara 120 tana zuwa tana wucewa ba wanda ya ce mata sannu.

Laifin wa? Ni dai ban ga wanda zan ɗora wa ba sai waɗanda suka zauna a ofis suka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare. Sun cire tarihi. Suka ce wai ba ya kawo aikin yi, suka cusa ɗan guntunsa cikin wani darasi suka rufe. Sun cire tarihi wajen shekara ta 2009, aka yi shekara goma ana yaye yara babu shi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin, yau magidanci ne, wataƙila ma shi ne malamin da ke tsaye gaban allo. Me zai koyar? Abin da ba a ba shi ba? Da suka cire tarihi, matasa suka daina neman karanta shi a kwalejojin ilimi, domin ba wanda zai karanci abin da ba za a ɗauke shi aiki a kansa ba. Yanzu an ce an mayar da shi, an yi sanarwa, an sake yi. Madalla, mun gode. To ina malaman? Ina littattafan? Ina littafin Hausa mai sauƙi da yaron ƙauye zai karanta ya ga sunan Kwatarkwashi da Burmi? Waɗanda suka cire tarihi da alƙalami ɗaya suka cire shi, amma mayar da shi ya fi ƙarfin sanarwa a takarda.

Kuma tun da maganar takarda ta zo, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A gidajen malamai da dagatai na ƙasar nan akwai takardu. Na ga irinsu da idona: gafaka ta fata ta bushe ta tsattsage, a ciki ga wasiƙu da ajami, ga rasiɗin haraji mai hatimi, ga takardar rabon gado da ta ambaci iyakar gona da sunayen shaidu. Ka ɗaga shafi sai gari ya zubo maka a tafin hannu, gara ta gama da rabin layi. In tsoho ya rasu, magada su raba gona su raba awaki, takardun kuwa a zuba su a buhu a jefa bayan rumbu, damina ɗaya ta ishe su. Wasu ma ƙonawa suke yi, da kyakkyawar niyya, don kada rubutu mai sunan Allah ya wulaƙanta. Ina roƙonku don girman Allah, ku dakata da ashanar nan. Ku nemi wanda ya iya karatun ajami ya duba tukuna. Ga shi kuma birni na ta matsowa ta hanyar Gwarzo, gonakin wajen Langel da Janguza ana yanka su fuloti fuloti, ana sare kukar da kakanni suka yi iyaka da ita. In itacen ya tafi, takardar ta tafi, tsohon da ya san zancen ya tafi, gobe da me za a yi shari'a? Rigimar gona nawa ke gaban alƙalai yau wadda takarda ɗaya da gara ta cinye za ta iya kashewa?

Abin da nake nema ba shi da tsada. Malam shugaban makaranta, ko da minti goma ne a taron safe cikin wannan mako, ka gaya wa yara labarin Giginya. Gidan Makama na nan cikin birni da hotuna da kayan yaƙin wancan zamani, daga Tofa ba tafiyar kwana ba ce, mota ɗaya ta ishi aji guda in iyaye suka haɗa kuɗin mai. Liman, ka sa shahidan Giginya da na Burmi a addu'a. Kai kuma saurayi mai waya a hannu, ka je wurin kakarka da yamma in rana ta yi sanyi, ka kunna rikoda, ka tambaye ta abin da nata kakan ya gaya mata game da zuwan Nasara, da shekarar da aka fara awon gona, da wanda ya bi Sarkin Musulmi gabas bai dawo ba.

Domin waɗanda suka tafin nan suna da jikoki. Garin Mai Wurno na nan har yau a jihar Sinnar ta Sudan, akwai masu jin Hausa da Fulatanci a cikinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya kai jihar tasu a 2024, mutane da yawa sun bar gidajensu. Muna jin sunan wurin a labaran duniya muna wucewa, ba mu san cewa jininmu ne ba, domin waɗanda ya kamata su gaya mana sun cire darasin. Allah Ya kawo musu ɗauki, Ya mayar da su gidajensu lafiya.