RA'AYINMU: Rediyon Dijital, A Tambayi Mai Batir Biyu Tukuna



Shekara da shekaru ke nan ana yi mana albishir cewa zamanin akwatin rediyon da muka gada daga iyayenmu ya wuce, wai duniya ta koma ga abin da ake kira rediyon dijital, wanda duk bai bi ba an bar shi a tasha. Da yawa daga cikin 'yan uwa matasa sun karɓi wannan magana hannu bibbiyu, har ana yi wa dattijon da ke rataye da Kchibo a kafaɗa kallon wanda bai waye ba. To amma kafin mu yi tafi, ya kamata mu tsaya mu tambaya: shin wannan sabon abu yana aiki har ya kai mutumin Zurmi ko Shinkafi ya ajiye nasa ya ɗauke shi?

Bari mu fara da ba shi haƙƙinsa. A tsohon tsari muryar mai magana tana hawa iska ne yadda take, duk abin da ta gamu da shi a hanya, walƙiya ce ko ƙarar inji, sai ya biyo ta har cikin kunnenka. A tsarin dijital kuwa ana mayar da muryar lambobi ne, akwatinka ya sake harhaɗa su, sai ka ji ta tangaran. Mita guda tana iya ɗaukar tasha fiye da ɗaya, na'urar watsawa ba ta shan wuta kamar ta da, kuma ana iya aiko da rubutu a fuskar akwatin, har da gargaɗin gaggawa. Ga biyu daga cikin manyan nau'o'insa. Akwai DAB, wanda BBC ta fara a Ingila a 1995, shi kuwa yana son turakun watsawa da yawa kusa da kusa. Akwai kuma DRM, wanda ke bin matsakaici da gajeren zangon da muka saba da su, ya yi tafiya mai nisa.

Wannan duk gaskiya ne. Sai dai akwai abin da masu tallar ba su cika faɗa ba. Tsohon akwati idan tasha ta yi masa nisa sai ya yi ta shuuu, amma ka ja eriya, ka juya shi gabas ko yamma, ka kanga a kunne, ka tsinci labarinka. Na dijital bai san wannan sassauci ba: ko dai ka ji tas, ko ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Mutumin birni da ke ƙarƙashin turke ba zai damu ba. Wanda ke bakin iyaka, inda komai na gwamnati yake isowa da kyar, shi ne zai sha shirun. Ga shi kuma ya fi cin batir, ga tsada. A garin da wutar lantarki baƙuwa ce, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kuma ba yau aka fara gwadawa a kanmu ba. A 1998 kamfanin WorldSpace na Noah Samara, haifaffen Habasha, ya harba tauraron ɗan'adam mai suna AfriStar don ya watsa wa Afirka rediyon dijital daga sama. Muryar ta fita garau, amma akwatunan farko ɗaruruwan daloli ne kuɗinsu. Talakan da aka ce don shi aka yi bai iya saye ba, a 2008 kamfanin ya durƙushe. Nan gida kuma, a 2012 aka ƙaddamar da katafariyar tashar Muryar Nijeriya a Lugbe ta Abuja, da na'urorin gajeren zango masu iya watsa DRM. Yau fiye da shekara goma ke nan. Ɗan uwa ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya bi rumfunan masu kayan wuta na Kaura Namoda, ya ce a ba shi akwatin da ke kama DRM, ya ga irin kallon da za a yi masa. An gina rijiya, ba a tanadi guga ba. Haka aka yi da talabijin: an sa wa'adin komawa dijital a 2012, aka ɗaga zuwa 2015, aka sake ɗagawa zuwa 2017, duk suka wuce aikin bai kammala ba.

Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro abin, ba a taru an zama ɗaya ba. Norway ta kashe manyan tashoshinta na FM a 2017, masu sauraro suka ragu a shekarar da ta biyo baya, ƙananan tashoshin gari kuma suka ci gaba da zamansu a FM. Finland ta gwada DAB ta ajiye tun 2005. Gidan rediyon gwamnatin Ireland ya rufe nasa a 2021. Indiya ta zuba dukiya a DRM, amma a cikin motoci aka fi samun masu kama shi. Ghana ta fara gwajin DAB a Accra da Kumasi a 2023, wato manyan birane. Idan masu wuta dare da rana suna ja da baya, ina ga mu?

Wani zai ce ai dijital ya riga ya iso ta wayar hannu, ga shi muna sauraron BBC Hausa da sauransu ta Facebook da YouTube. Haka ne, kuma yana da amfani. Amma mu mutanen Zamfara ba ma bukatar a ba mu labarin iyakarsa. A farkon Satumbar 2021 hukumar NCC ta ba da umurnin a rufe layukan waya a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba. Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sai da suka kai ƙarshen Nuwamba, kusan wata uku. A tsawon wannan lokaci wayar dubban nairori ta koma tocila da agogo. Abin da ya gaya wa mutane halin da ƙasa take ciki shi ne wannan akwati da ake rainawa, da batir Tiger guda biyu a cikinsa. Duk abin da sai ya bi ta turken kamfanin waya, takarda guda daga ofis ta isa ta kashe shi. Gajeren zango kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya tsallako iyaka.

A yankin da sanin wace hanya ce ke biyuwa yau yana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa, rediyo ba kayan ado ba ne. Saboda haka matsayinmu a fili yake. Na farko, kada hukumar NBC ko wata gwamnati ta yi tunanin kashe tsohon tsari sai ranar da akwatin dijital ya zama ana samunsa a kasuwar ƙauye, a farashin da manomi zai iya, kuma yana jure batir. Na biyu, kuɗin da ake da su a fara gyara na'urorin matsakaici da gajeren zango da su, na Gusau da na Rediyon Kaduna da Arewa ta dogara da shi tun 1962, don murya ta kai har bakin iyakar Nijar. Na uku, idan za a gwada dijital, DRM ne ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi irin tamu, kuma a zo a gwada shi a Zurmi da damina, a tambayi masu sauraro abin da suka ji.

Ku kuma 'yan uwa matasa, ku riƙe wayoyinku, amma kowane gida ya tanadi akwati mai kama zango uku da batir na ajiya. Wanda wayarsa ke da FM ya koyi kunna shi da abin sawa a kunne, ba ya cin data ko ƙwaya. Ranar da sabon akwati ya yi abin da na Baba yake yi a kan kuɗin da Baba zai iya, ba sai an yi shela ba, mutane da kansu za su neme shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.